Hanyoyin Kare Rumbun Ajiyar Kwamfuta Daga Hawan Ƙarfin Wutar Lantarki: Bayani Ga Jama'a Da Ma'aikatan Ƙaramar Hukumar Ɗanja

Gabatarwa

A yau da wuya a sami ofishi ko makaranta ko asibiti a Ƙaramar Hukumar Ɗanja da sauran yankin Funtuwa da Malumfashi wanda ba ya ajiye wani ɓangare na aikinsa a cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta. Jerin sunayen ma'aikata da lissafin albashinsu, sunayen manoman da suka yi rajistar takin zamani, lissafin ƙungiyoyin gama-kai na manoman rake da tumatir, sakamakon jarrabawar ɗalibai, har da hotunan biki da na suna da masu ɗaukar hoto ke riƙe wa jama'a, duk suna zaune ne a cikin wani ɗan akwatin ƙarfe da bai wuce faɗin tafin hannu ba. Wannan akwati shi ne rumbun ajiyar bayanai, wanda masu gyara ke kira had-dis.

Idan allon kwamfuta ya fashe, ana sayen wani. Idan rumbu ya ƙone, ana iya sayen sabo, amma abin da ke cikin tsohon ba a sayar da shi a kasuwa. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke ƙona rumbu shi ne hawan ƙarfin wutar lantarki fiye da ƙima. An shirya wannan bayani ne domin a fahimtar da shugabannin sassa da akawuna da malaman makaranta da masu shagunan buga takardu yadda wannan ɓarna ke aukuwa, da matakan hana ta, da kuma abin da ya dace a yi idan ta riga ta auku.

Yadda rumbun yake aiki

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fitar da irin wannan rumbu a shekarar 1956. Na farkon yana da faya-fayai 50, girmansa ya kai na babban kabad, amma abin da yake ɗauka bai wuce kimanin megabayit 5 ba, wato daidai da hoto ɗaya ko biyu na wayar hannu ta yanzu. Girma ya ragu ƙwarai, amma tsarin aikin bai sauya ba. A ciki akwai faifai mai ƙyalli wanda wata 'yar mota ke juyawa, galibi sau 5,400 ko sau 7,200 a minti ɗaya. Akwai kuma wani siririn hannu mai ɗauke da kan karatu, wanda ke shawagi a saman faifan ba tare da ya taɓa shi ba, yana rubutu da karatu ta hanyar maganaɗisu. A bayan akwatin kuwa akwai allo kore ko shuɗi mai ɗauke da ƙananan sassan lantarki, shi ne ke ba motar da hannun umarni.

Wannan allo ba ya shan wutar bango kai tsaye. Wutar da ke zuwa gidaje da ofisoshi a Nijeriya an tsara ta a kan bolt 230. A cikin kwamfutar tebur akwai wani akwati mai fanka, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, aikinsa shi ne ya karɓi wannan wuta mai ƙarfi ya mayar da ita ƙarama. Babban rumbu na kwamfutar tebur yana karɓar wuta iri biyu: bolt 12 ta wayar mai launin ruwan ɗorawa domin juya faifai, da bolt 5 ta jar waya domin allon lantarki. Ƙaramin rumbu na kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa bolt 5 kaɗai yake sha.

Ƙa'idar masana'antu ta yarda wannan wuta ta hau ko ta sauka da kashi 5 cikin ɗari kawai. Ke nan layin bolt 12 bai kamata ya wuce 12.6 ba, layin bolt 5 kuma bai kamata ya wuce 5.25 ba. Da zarar fawa-fak ya lalace ya saki abin da ya zarce wannan da yawa, sassan allon na iya ƙonewa kafin ƙiftawar ido. Sabon nau'in rumbu marar faifai, wanda ake kira SSD, shi ma bai tsira ba. Ya fi jure faɗuwa da girgiza, amma wuta tana ƙona shi kamar na da, kuma ceto bayanai daga cikinsa yakan fi wuya.

Daga ina hawan wuta yake fitowa?

Na farko shi ne layin wutar gari. An kafa hukumar NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, sannan a Nuwamba 2013 aka miƙa aikin rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu, inda jihohin Katsina da Kano da Jigawa suka kasance ƙarƙashin kamfanin KEDCO. Ko wane ne ke riƙe da layi, akwai halin da wuta ke da shi a ko'ina cikin duniya: lokacin da aka dawo da ita bayan ɗaukewa, takan zo da tsalle na ɗan lokaci kafin ta daidaita. Garuruwan da ke ƙarshen dogon layi sukan ga wuta ta yi rauni da yamma sa'ad da kowa ya kunna kayansa, ta kuma yi ƙarfi da tsakar dare sa'ad da nauyi ya ragu.

Na biyu, wanda ya fi kowane haɗari, shi ne tsinkewar wayar nitiral. Taransifoma tana fitar da layuka uku masu wuta da waya ta huɗu wadda ke daidaita su. Tsakanin kowane layi da wannan waya ta huɗu akwai bolt 230, amma tsakanin layi da layi akwai kimanin bolt 400. Idan iska ta tsinke wayar nitiral, ko ta yi tsatsa a mahaɗi, ko ɓarayin waya suka yanke ta, sai wutar ta rabu ba daidai ba. Gidan da ke da kaya kaɗan a kunne zai iya samun abin da ya kusa bolt 400, maƙwabcinsa kuma ya sami wuta mai rauni. Alamar da kowa zai iya ganewa ita ce: ƙwan fitila ya yi haske fiye da yadda aka saba, fanka ta riƙa gudu da ƙara, alhali a gidan da ke kusa fitila ta dushe. Duk wanda ya ga haka ya kashe babban makunni nan take, ya sanar da maƙwabta da ofishin wuta.

Na uku shi ne tsawa. Daga watan Mayu zuwa Oktoba, musamman a farkon damina sa'ad da hadari ke tasowa da iska mai ƙarfi, aradu kan faɗa kusa da turakun wuta. Ba sai ta faɗa kan ginin ba. Faɗuwarta a kusa da layi ta isa ta tura wuta mai dubban bolt cikin waya na ɗan ƙanƙanin lokaci. Tana kuma iya shigowa ta wayar eriya ko wayar intanet da aka ja daga wani gini zuwa wani.

Na huɗu shi ne janareta. Ƙaramin janareta ba ya riƙe wuta daidai. Idan mai ya kusa ƙarewa, injin yakan riƙa hawa da sauka, wutar kuma tana bin sa. Idan aka kashe wani kaya mai nauyi da ke kansa, kamar injin ɗaukar hoton takardu ko famfon ruwa, wutar takan yi tsalle sama. Haka nan idan sashen da ke daidaita wuta a cikin babban janareta ya lalace, zai iya sakin wuta fiye da ƙima ba tare da an ji wani sauyi a ƙarar injin ba. Masu amfani da sola su ma su lura, domin inbata mai araha kan ba da wuta marar tsabta wadda ke gajiyar da fawa-fak a hankali.

Na biyar shi ne kuskuren hannu, kuma ya kasu kamar haka. Wasu tsofaffin kwamfutoci 'yan gwanjo da aka shigo da su daga Amurka suna da wani ɗan jan makunni a bayan fawa-fak mai rubutun 115 da 230. Idan yana kan 115 aka jona shi a wutarmu, nan take zai yi ƙara ya ƙone. Haka kuma babban rumbu na waje, wanda ake jonawa da adafta, bolt 12 yake buƙata, alhali cajar kwamfutar tafi-da-gidanka galibi bolt 19 take bayarwa, kuma sau da yawa bakinsu yakan shiga ramin juna. A ofishin da ake tara cajoji a aljihun tebur guda, wannan kuskure ba shi da wuyar aukuwa. Bugu da ƙari, a sababbin fawa-fak masu wayoyin cirewa, wayar wani kamfani ba ta dace da ta wani ba ko da bakin ya shiga, domin jerin layukan ya bambanta, kuma bolt 12 zai iya bin hanyar bolt 5.

Kariyar da ke jikin rumbu, da iyakarta

Yawancin masu ƙera rumbu suna sanya ɗan ƙaramin sashe a kan allon, kusa da inda wuta ke shiga, wanda ake kira dayod na kariya, ko TVS a taƙaice. A babban rumbu sukan zama biyu, ɗaya a layin bolt 12, ɗaya a layin bolt 5. Idan wuta ta yi ɗan tsalle, dayod ɗin yakan karkatar da rarar zuwa ƙasa ya ci gaba da aiki. Idan tsallen ya yi yawa ko ya daɗe, sai ya ƙone ya haɗe layin da ƙasa baki ɗaya, ta yadda fis zai tsinke ko fawa-fak ya kashe kansa. Wato yana ba da ransa ne domin sauran allon ya tsira.

Wannan ne dalilin da ya sa a wasu lokuta, bayan wuta ta yi ɓarna, za a ga kwamfuta ta ƙi tashi sam, fanka ta ɗan motsa ta tsaya, amma da an cire rumbun sai ta tashi. A irin wannan hali akwai kyakkyawan zato cewa bayanan suna nan lafiya a kan faifai. Sai dai kariyar tana da iyaka. Idan wutar ta riga dayod, takan ƙona sashen da ke juya mota, ko ta wuce ciki ta lalata ɗan sashen da ke jikin hannun karatu. Gyaran wannan sai an buɗe rumbu a ɗaki na musamman marar ƙura, kuma kuɗinsa yakan ninka na sabon rumbu sau da dama.

Matakan rigakafi

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Ana shawartar kowane ofishi da shago ya bi waɗannan matakai tun kwamfuta tana da lafiya.

1. A tabbatar da wayar ƙasa. Soket mai baki uku ba shi da amfani idan bakin na uku bai haɗu da sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa ba. Duk na'urorin kare tsawa ta wannan waya suke zubar da rarar wuta. A nemi ƙwararren mai aikin wuta mai lasisi ya gwada ta, kuma gwajin ya fi kyau a yi shi da rani, domin busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta kamar mai danshi.

2. A sanya na'urar katse wuta, irin wadda ake sa wa firiji. Aikinta shi ne ta yanke wuta idan ta hau ko ta sauka fiye da ƙima, kuma ta jinkirta na ɗan lokaci kafin ta saki wutar da aka dawo da ita. Ita ce ta fi dacewa da matsalar tsinkewar nitiral.

3. A san bambancin na'urori. Sitabilaiza tana daidaita wutar da ke hawa da sauka a hankali, amma ba ta da saurin tare tsawa. Soket mai kare tsawa yana tare tsalle na ɗan lokaci, amma ba ya jure wutar da ta hau ta zauna, kuma sashen kariyarsa yana ƙarewa da yawan bugu, saboda haka idan fitilar kariyarsa ta mutu a sauya shi. Na'urar UPS kuwa tana riƙe wuta a batir na 'yan mintoci domin a adana aiki a kashe kwamfuta cikin tsari. Babu ɗaya da ke maye gurbin sauran. Tsarin da ya dace shi ne: daga bango zuwa na'urar katsewa, daga nan zuwa sitabilaiza, sannan UPS, sannan kwamfuta.

4. Kada a jona injin ɗaukar hoton takardu ko firinta mai aiki da zafi ko dutsen guga a kan UPS ko sitabilaizar kwamfuta. Suna jan wuta da yawa a lokaci guda. Batirin UPS kan raunana bayan shekara biyu zuwa uku, zafin watan Maris da Afrilu kuma yana ƙara gajarta kwanansa, don haka a riƙa gwada shi.

5. A kiyaye tsarin janareta. A tayar da shi, a bar shi ya daidaita na minti biyu ko uku, sannan a sauya layi a kunna kwamfuta. Wajen kashewa kuma a fara da kwamfuta, janareta ya zo ƙarshe. Kada a bari mai ya ƙare alhali ana aiki.

6. Idan hadari ya taso, a kashe kwamfuta a zare filogi daga bango, a cire wayar intanet da ta eriya. Kashe makunni kaɗai bai isa ba, domin tsawa tana iya tsallake ɗan ratar da ke cikinsa. Haka za a yi kullum idan an tashi daga aiki, musamman ranar Juma'a da jajibirin hutun Sallah. Wannan mataki ba ya cin ko kwabo, kuma babu na'urar da ta fi shi.

7. A sayi fawa-fak mai inganci. Na kirki yana da sashen da ke kashe shi da kansa idan wutar da yake fitarwa ta zarce ƙima, marar inganci kuwa sau da yawa ba shi da wannan. Araha ba ta ado. Idan aka ji warin ƙuna, ko fankarsa ta tsaya, ko kwamfuta ta riƙa mutuwa da kanta, a sauya shi ba tare da jinkiri ba. Bayan hunturu a sa mai gyara ya hure ƙurar da ta taru a ciki, domin ƙura tana kawo zafi, zafi kuma yana kashe sassansa. Kada wanda ba gwani ba ya buɗe shi, domin yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare filogi.

8. A manna wa kowace adafta takarda mai ɗauke da sunan na'urarta da adadin bolt ɗinta. Kafin a jona, a karanta abin da aka rubuta a jikin adaftar da jikin na'urar a ga sun yi daidai.

Kwafi: rumbu na biyu

Manomin Ɗanja ko Dabai ko Kahutu ya san cewa ba a tara amfanin shekara da irin shuka a wuri guda, saboda gobara ko gara. Haka bayanai suke. Duk matakan da aka lissafa suna rage haɗari ne kawai, abin da ke tabbatar da tsira shi ne kwafi. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita ita ce a sami kwafi 3 na duk wani muhimmin bayani, a kan ma'ajiya iri 2, kuma 1 daga ciki ya kasance a wani gini daban ko a ma'ajiyar intanet da hukuma ta amince da ita.

A lura da abu ɗaya da ake yawan kuskurewa. Rumbu biyu da ke cikin kwamfuta guda suna shan wuta daga fawa-fak guda, don haka bugu ɗaya zai iya kashe su tare. Rumbun waje ko filashi da aka bari a jone dare da rana shi ma yana cikin wannan haɗari. A kwafa, a cire, a kulle a kabad. Ya kamata shugaban sashe ya ɗora wannan aiki a kan ma'aikaci ɗaya sananne, a keɓe rana a kowane mako, a kuma buɗe littafi da za a riƙa rubuta ranar kwafi da sa hannu. Sau ɗaya a wata a buɗe kwafin a wata kwamfuta a tabbatar yana karantuwa. Muhimman takardu kamar na filaye da na albashi a ci gaba da buga su a takarda ana adanawa a fayil.

Abin da za a yi idan ɓarna ta auku

Idan aka ji ƙara ko wari, ko kwamfuta ta ƙi tashi bayan wuta ta yi tsalle, a zare filogi, kada a sake kunnawa. Kowane gwaji da lalataccen fawa-fak yana iya ƙarasa abin da ya tsira. Kada kuma a jona wani rumbu mai lafiya a wannan kwamfuta domin gwaji.

Kada a buɗe murfin rumbu. Ratar da ke tsakanin kan karatu da faifai ta fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ƙura kaɗan ta isa ta karce faifan. Kada a bubbuga shi, kada a sa shi a firiji, kada a shanya shi a rana.

A kai shi wurin ƙwararren mai gyara, a Funtuwa ko Zariya ko Kano, a kuma faɗa masa tun farko cewa bayanan ake so, ba rumbun ba. Gwani zai fara auna dayod da fis da mitar gwaji. Idan dayod ne kaɗai ya ƙone, zai iya sauya shi ko ya cire shi, ya tayar da rumbun da fawa-fak mai lafiya, ya kwashe bayanan nan take. Rumbun da aka cire wa dayod ba shi da sauran kariya, bai kamata a mayar da shi bakin aiki ba. Idan allon ne ya ƙone, sauya shi da na wani rumbu mai kama da shi ba ya wadatarwa a rumbunan zamani, domin akwai wani ɗan sashe a kan allon da ke ɗauke da ma'aunin wannan rumbu shi kaɗai, kuma dole a ɗauke shi a mayar kan sabon allo. Saboda haka kada a yarda a jefar da tsohon allo ko da ya yi baƙi ƙirin.

Ma'aikatan hukuma su tuna cewa rumbun ofis yana ɗauke da sirrin jama'a, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da irin waɗannan bayanai alhakin tsare su. Kada rumbu ya bar ofis sai da izinin shugaban sashe a rubuce, a rubuta lambar da ke jikinsa, a kuma karɓo shi ko an gyara ko ba a gyara ba. Idan ana zaton matsalar daga layin gari ta fito, a rubuta rana da lokaci da kayan da suka lalace, a kai koke a rubuce ga ofishin kamfanin rarraba wuta, a riƙe kwafin takardar.

Kammalawa

Ana kira ga shugabannin sassa da shugabannin makarantu da jami'an asibitoci da su zagaya ofisoshinsu kafin faɗuwar damina, su duba wayar ƙasa, su gwada batirin UPS, su ware adaftoci, su kuma tambayi ranar da aka yi kwafi na ƙarshe. Ana kuma roƙon masu unguwanni da dagatai da su taimaka wajen faɗakar da jama'a kan sa ido a kan taransifoma da wayoyin unguwa, tare da kai rahoton duk wayar da ta tsinke ko ta yi sako-sako ba tare da ɓata lokaci ba. Kuɗin na'urar katse wuta da rumbun kwafi guda bai kai wahalar sake tattara sunayen manoman gunduma ɗaya daga farko ba.